Shirun Taisto Kemppainen

Haukiniemi, 9 ga Maris

Zuwa ga Sirkku, 'yar ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Yaya jikin uwarki Helvi? Ki ce mata yayanta Taisto yana gaishe ta, ko ta gane ko ba ta gane ba. Ni lafiyata lau, ban da kunnen hagu da ya mutu, da hannun dama da ya koyi rawa ba kiɗa. Shi ya sa na ɗauki biro. A waya ba na jin komai sai kukan sauro.

Kin san ban saba roƙo ba. Shekara biyu na yi a sakandare a Kajaani, na ajiye littafi na shiga daji sare itace. Babu wanda ya taɓa ba ni ko ƙusa ɗaya. Gidan da nake ciki ni na gina shi. Injin yanka katakon da ya ciyar da gida goma sha ɗaya har shekara talatin, ni na haɗa shi da injin wata matacciyar tarakta. Lokacin da uwarki da rabin ƙauyen nan suka tsallaka Sweden neman aikin masaƙa, ni na tsaya. Rumfar rawa ta bakin tafki, wadda kika yi ta ɓuya a ƙarƙashinta duk hutun bazara, katakona ne, gumina ne, tun 1976. Da makaɗa suka daina zuwa ƙauye irin namu ban rufe ta ba. Na sayi rikoda, na zauna a rumfar ni kaɗai ina ɗaukar waƙoƙi daga faifai zuwa kaset, biyu-biyu yadda aka gada: tango biyu, wals biyu, humppa mai saurin nan biyu, macen da ka ɗauka a ta farko da ita za ka yi ta biyu. Duk shekara sabon kaset, har zuwa na 2018, wanda nake ta sawa tun daga nan. Ba wanda ya koya mini.

To ga abin da ya kawo ni. Rikodar ta mutu a watan Satumba. Mai gyara ya buɗe cikinta ya ce in yi mata addu'a. Mutanen da ke zuwa rawar ranar Lahadi da rana su talatin da takwas ne, ƙaraminsu shekararsa sittin da takwas. Pentti Huotari, shugaban kwamitin ƙauye, wanda na sani tun yana yawo ba wando, ya ce ba matsala, a jona wayarsa da lasifika, intanet cike yake da waƙa. Na ce a jona mu ji. Tango ɗaya ta fito, sai wani abu mai kama da faɗan gwangwani, sai wani mutum yana tallan tayar mota. Yanzu kwamiti ya yanke: a gwada a watan Mayu, in har zuwa Juhannus, bikin tsakiyar bazara, mutane ba su gamsu ba, za a mai da rumfar ma'ajiyar kwale-kwale.

An ce mini aikinki ke nan a ɗakin karatu, juya tsoffin abubuwa zuwa kwamfuta. Na ba wani direban babbar mota kwali mai kaset arba'in da uku, zai sauke miki a Borås. Ki sa su a abin da ake ji da shi yanzu, yadda suke. Ba taimako nake nema ba. Aiki ne na ba ki.

Kawunki,
Taisto

*

Borås, 14 ga Afrilu

Kawu Taisto,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ƙanƙara ta fara sakin tafki. Mu duk lafiya. Mama tana nan yadda ka sani. Tana cin abinci, tana barci, amma shekara guda ke nan ba ta kira sunana ba. Wani lokaci ta ɗauke ni ma'aikaciyar gidan tsofaffin ce, ta tambaye ni ko an ga takalminta. Na isar da gaisuwarka, ta kalli taga.

Kwalinka ya iso, yana warin hayaƙin sauna, ɗakin wankan tururin nan naka. Na kwafe duk kaset ɗin a kwamfutata, ba wanda ya tsinke. Amma Kawu, sautin kamar daga cikin rijiya yake fitowa! Ashe da makirfo kake ɗauka daga bakin lasifika? Don haka na yi maka abin da ya fi: na nemo kowace waƙa a intanet, mawaƙin nan dai, ɗaukar nan dai, tas kamar jiya aka yi ta. Na jera su biyu-biyu daidai da tsarin kaset ɗinka na ƙarshe. Na kuma gyara 'yan kurakurai. Akwai wurare da yawa da ka bar kaset yana tafiya ba komai a kai, wani fiye da minti guda, duk na cire su. Yanzu waƙa na bin waƙa ba tsayawa, har ka samu wurin ƙarin guda shida.

Na aiko da kwamfutar hannu a cikin wannan ƙunshi, jerin yana ciki. Danna ɗaya ne kawai. Ba sai ka tsaya a ɗakin rikoda awa uku ba kuma, kowa ma zai iya kunna ta. Ka huta, Kawu, ka yi naka.

'Yarka,
Sirkku

*

Haukiniemi, 16 ga Mayu

Sirkku,

Ina gaishe ki. Ina fatan Helvi da sauƙi. Ni ina nan da rai.

Na ga abin da kika aiko. Na kuma karanta takardarki sau uku, don in tabbata idona ba ya mini ƙarya. Kurakurai. Kowa ma zai iya. Ka huta, ka yi naka. Na gode. Shekara arba'in da bakwai ashe kuskure nake tafkawa, sai da 'yar da na koya wa saka tana a ƙugiya ta zo ta gyara mini.

Bari in ba ki labarin gyaranki. Ranar Lahadin da ta wuce muka buɗe. An share, an wanke daɓe, mata sun toya burodin kofi. Mutum talatin da ɗaya suka zo. Mata suka jeru a bencinsu na gefen tafki, maza a bakin ƙofa suna gyara wuyan riga kamar ba su san matan nan shekara sittin ba. Pentti ya danna. Gaskiya ɗaya ce, sautin ya fita, har ni mai kunne ɗaya na ji goge. Wals na farko, wals na biyu. Eino Moilanen ya ɗauki Aune, wadda ta cika tamanin da huɗu, ta bar keken dogarawarta a jikin benci. In tana rawa ba ta bukatarsa, namiji ne sandarta. Waƙa ta ƙare, Eino ya ba ta gwiwar hannu zai mai da ita inda ya ɗauko ta ya yi mata godiya, kamar kowane ɗan mutunci. Ko taku uku ba su yi ba sai humppa ta faɗo musu a ka.

Aune ta ɗaga murya ta ce, "Kai Taisto, gobara ce ta tashi?"

Rabin maza suna tsakiyar fili riƙe da mata. Su kai su benci, waƙa na wucewa. Su ci gaba, ta uku ke nan da mace ɗaya, kuma kin san garin nan, uku a jere sai a fara tambayar ranar biki. Wasu suka saki matan a nan inda suke suka ruga neman wasu. Eino ya rasa ta yi, ya ce, "Aune, ko mu ƙarasa?" Ta ce, "Ƙarasa da uwarka. Mijina ma bai taɓa samun uku ba." Ya sake ta don kunya, ta tsaya ita kaɗai a tsakiya, ba keke, ba namiji, mutane na juyawa ta gefenta. Ta ce, "Ni buhun dankali ce da za a sauke a tsakar hanya?"

Na yi wajen abar nan taki in tsayar da ita. Gilashin bai san yatsana ba. Na danna, hannu ya yi rawarsa, ta tsallake zuwa wata waƙar. Pentti ya karɓa, ya riƙa tsayarwa yana ƙirga biyar yana saki, kamar mai aikin danja. Kafin lokacin kofi Eino yana zaune a matakala yana neman numfashi, fuskarsa kamar toka. Mutum goma sha biyu suka tafi ba su ko taɓa burodin ba.

Pentti ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsoho, ba laifin na'ura ba ne. Mutanen ne suka ƙare."

Lahadin gaba na tabbata ba za su kai ashirin ba. Na ba shi makullin rumfar. Tunda kowa ma zai iya, sai kowa ya yi. Ni zan huta, na yi nawa.

T. Kemppainen

*

Borås, 23 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Mama lafiya. Yaya Eino, ya warware?

Wallahi ban rubuta don in ƙona maka rai ba. Da na ce ka huta, ƙafafunka nake tausayi. Ni a jirgin ƙasa nake jin waƙa, da abin kunne, ni kaɗai, in ta yi shiru sakan biyu sai in duba ko waya ta mutu. Ban taɓa tunanin akwai wanda ke tafiya a cikin shirun ba. Laifina ne, ka yafe mini.

Abin mai gyaruwa ne. Daga nan ma zan iya canja jerin, ya canja a wurinku. Ka faɗa mini kawai sakan nawa zan sa tsakanin kowane biyu. Ashirin? Talatin? Ka rubuto lamba ɗaya, ko ba gaisuwa.

Sirkku

*

Borås, 11 ga Yuni

Kawu Taisto,

Ina gaishe ka, duk da ban san ko kana buɗe takarduna ba. Kwana goma sha tara ba amsa. Na kira gidanka sau shida. Na kira Pentti, ya ce lafiyarka ƙalau, yana hango ka a kwale-kwale kana zagin kifi. Ya ce Lahadin da ta wuce mutum goma sha huɗu ne suka zo, Aune ba ta cikinsu, kuma kwamiti zai zauna kwana biyu bayan Juhannus.

Ba sai ka aiko da lambar ba. Na samo ta, kuma ba ɗaya ba ce.

Ranar Laraba na je wurin Mama. Ta tashi da rigima, ta ƙi wanka, ta ƙi magana. Na rasa abin yi sai na kunna mata kwafin kaset ɗinka na 2018, na asali, mai sautin rijiya. Wals na farawa ta miƙe. Ta ɗora hannu a kafaɗata, muka yi ta juyawa tsakanin gado da taga, ni ce namijin. Ta biyu ta ƙare na sake ta zan danna gaba, sai ta buge mini hannu. Ta miƙo gwiwar hannunta ta ce, "Wane irin yaro ne kai? Ka mai da ni mana."

Na riƙe ta. Kujerarta na can ƙarshen baranda inda ake shan kofi, muka taka a hankali, yadda ƙafarta ta yarda. Ta zauna, ta gyara siket, ta ɗaga kai tana jira. Na ce, "Na gode da rawa." Ta ce, "Ni ce da godiya." Kawu, tana rufe baki tango ta fara. Kamar kana ɗakin kana kallonmu.

Da na koma gida na auna shirun kowane kaset, ɗaya bayan ɗaya. Na 1979 sakan ashirin da biyu. Na 1995 arba'in da ɗaya. Na 2018 minti ɗaya da sakan ashirin da biyar. Ba shekarar da ya ragu. Bayan humppa kuma kullum ya fi na bayan wals tsawo. Sai na ƙure ƙarar na sa kunne. Ashe ba shiru ba ne. Akwai taku a kan katako. A na farkon ƙwas-ƙwas, takun saurayi. A na ƙarshen ana jan ƙafa ɗaya, a tsaya, a ci gaba, kuma na san kai ba ka jan ƙafa. Tafiyar wa kake kwaikwaya? A na 1988 akwai muryar matarka Inna Kaisu daga nesa tana cewa kofi zai huce, kai kuma ka ce ta dakata, ba ka kai benci ba tukuna. Shekara tara da rasuwarta, ban yi zaton zan sake jin ta ba.

Na mayar da shirunka duka, daga kaset ɗin 2018, kowanne a gurbinsa, da takun da komai. Waƙoƙi shidan da na cusa na cire su. Jerin ya riga ya canja a kwamfutar da ke hannun Pentti. Amma shekara biyar ke nan da wannan awon, kuma ni ban san ƙafafun Haukiniemi ba. Wanda ya san su yana kan tafki yana fushi da ni. Kowa zai iya dannawa, wannan gaskiya ne. Awon ne ba mai iyawa sai kai.

'Yar ƙanwarka mai kuskure,
Sirkku

*

Haukiniemi, 28 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Sirkku,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ki riƙe hannun Helvi ki ce mata yayanta ya ce har yanzu bakinta bai mutu ba. Tun tana 'yar shekara sha bakwai haka take yi wa samari. Ni lafiya lau. Eino ma ya warware, likita ya ƙara masa ƙwaya ɗaya ya rage masa humppa.

Takardunki biyu sun zauna a kan taga ƙarƙashin wuƙar fere kifi, ban buɗe ba. Ba fushi ba ne, aiki ne ya yi mini yawa. Aune ce ta sa jikarta ta kawo ta har ƙofata, ta ƙi shigowa, ta tsaya a kan kekenta ta ce, "Taisto, kai ka gina rumfar, mun ji, kullum sai ka faɗa. To ni saura Lahadi nawa gare ni da za ka zauna kana kumbura kamar kwaɗo?" Na ce an ce na yi nawa. Ta ce, "Wa ya ce? Kawo takardar in gani, kai da ka gudu daga makaranta." Ita ta buɗe biyun nan na kan taga, ta karanta mini a tsaye. Da ta zo wurin jan ƙafa sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Au, ni ce wannan?" Na ce ban san zancen ba.

Tunda kin gano, ba abin ɓoyewa. Kowace shekara ina duba wadda ta fi kowa nawa a benci. In waƙa ta biyu ta ƙare sai in bar kaset yana tafiya, in taka daga ƙarshen fili zuwa bencin mata da irin tafiyarta, in ƙara numfashi uku na godiya, sannan in sa faifai na gaba. Da uwar Pentti ce. Bayan ta wata ce da ba ki sani ba. Tun 2014 Aune ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don mace ba ta son a ce da ita ake awo. Kaisu kaɗai ta sani.

Kin yi daidai da kika ce awon ya tsufa. Ana jibi Juhannus na kira Pentti rumfa, na ce ya kunna abin ɗaukar murya na wayarsa ya rufe bakinsa. Na taka. Minti ɗaya da sakan arba'in bayan wals, minti biyu cif bayan humppa. Ya ce, "Tsoho, minti biyu ba kiɗa? Mutane za su ɗauka wuta aka ɗauke." Na ce, "Uwarka ba ta taɓa ɗauka haka ba." Ya aika miki, kika sa, ya iso kafin in gama kofi. Wannan kam na sara wa zamani. Da sai in kwashe mako biyu a kan kaset ɗaya.

Ranar Juhannus mutum arba'in da huɗu suka zo, har da 'yan hutu daga birni. An kafa rassan itace a bakin ƙofa, rana tas a kan ruwa. Wals biyu suka ƙare, rumfa ta yi tsit. Wata yarinya 'yar birni ta zabura za ta duba na'ura, Pentti da kansa ya tare ta ya ce, "Bari, haka yake." Ana jin takuna a lasifika ƙasa-ƙasa, ana jin na mutane a daɓe, ana jin agwagwa a tafki. Eino ya kai Aune har jikin kekenta. Ta zauna, ya rusuna, ta ce masa wani abu da ya sa kunnensa ya yi ja. Sannan tango ta shigo. Ban shiga ɗakin rikoda ba ko sau ɗaya. Karon farko cikin shekara arba'in da bakwai na yi rawa a rumfata. Da lokacin da mata ke zaɓen maza ya zo Aune ce ta ɗauke ni, ta taka mini ƙafa sau biyu, da gangan.

Kwamiti ya zauna shekaranjiya. Kwale-kwale za su nemi wani wurin kwana.

Yanzu saura magana ɗaya, kuma ba wasa nake ba. Na sa Pentti ya ƙara mini girman rubutun jerin na karanta. Kowace waƙa da sunan mawaƙinta, da wanda ya rubuta, da shekara, har da hoto. Mutanen da ba su taɓa taka Haukiniemi ba. Amma a gurbin nawa an rubuta "Ba suna 1", "Ba suna 2", har goma sha tara. Ina da suna. Ban gaji rumfa ba, ban gaji awo ba, ba wanda ya koya mini. Wata rana ƙafata za ta daina takawa, wani mai hankali irinki ya zo ya ga wuri ba komai ya share. Abin da ke da suna ba a share shi da garaje, sai an tambaya.

Saboda haka ki gyara, duka goma sha taran. Inda ake sa mawaƙi ki rubuta Taisto Kemppainen, da p biyu. Inda ake sa sunan waƙa ki rubuta Mayar da Mace Wurinta. Ki sa shekara, don baɗi zan sake awo. Sunan Aune kada ya fito ko'ina. Nawa kuwa ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, yadda mai ido ɗaya zai karanta daga bakin ƙofa.

Kawunki,
Taisto Kemppainen
wanda ya gina rumfar